Daga Gimi zuwa Samaru: Tsarki da Hidima a Rayuwar Ishaya Audu

Kalmar tsarki gida biyu gare ta a bakin Bahaushe. A wajen Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjayen masu harshen, da an ambace ta abin da ke fara zuwa zuciya shi ne buta da ruwa, da kawar da najasa daga jiki da tufa da wurin salla. Babi ne da ɗalibi ke fara cin karo da shi a littattafan fiƙihu na makarantar zaure kafin ya kai ga sauran babukan ibada. A wajen Kirista mai jin Hausa kuwa kalmar ta ɗauki wani kaya na daban. Da ita yake kiran littafinsa, Littafi Mai Tsarki. Da ita yake kiran Ruhu Mai Tsarki. Kuma jama'ar masu bi, rayayyu da matattu, su ne tsarkaka. Ma'anarta a nan keɓewa ce, wato a ware mutum ko abu domin Allah kaɗai. Masu fassara na farko da sun so da sun ari ƙudusi daga Larabci, amma sai suka ɗauki kalmar da ake amfani da ita a tsakar gida, kuma sun yi dabara, domin abin da suke nufi bai rabu da wanka da wanki ba sai dai wurin da dattin yake.

Sai dai akwai wata kalma da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita a wa'azin ranar Lahadi, ita ce hidima, kuma su biyun ba sa zama lafiya cikin sauƙi. Tsarki yana jan mutum gefe. Hidima tana tura shi cikin jama'a, inda jini da mugunya suke, inda ake rabon kuɗi da muƙami, inda ba a fita da farar riga kamar yadda aka shiga da ita. Linjilar Yohanna ta ba da labarin yadda Yesu, a daren ƙarshe da almajiransa, ya ɗaura mayafi ya wanke musu ƙafafu, aikin da bawan gida ke yi. Kuma a addu'arsa ta wannan daren bai roƙa a ɗauke su daga duniya ba, kariya ya roƙa musu a cikinta. Don haka Kiristan da ya ɗauki addininsa da gaske ba shi da damar zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Cikin 'yan Arewa da suka yi fice a ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda rayuwarsa ta gwada wannan ja-in-ja kamar Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, likitan yara, shugaban jami'a, minista, ɗan kurkuku, daga bisani kuma fasto a Samaru.

Ba a fahimtar mutumin sai an koma bayan haihuwarsa da shekaru masu yawa, zuwa birnin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A lokacin an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman gari suka yarda. Ya tara mabiya, aka kira shi ya janye, ya ƙi, kuma ruwayar mabiyansa ta ce a Kasuwar Kurmi aka tsire shi. Mabiyan suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi, wasu suka bazu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Abin lura shi ne babu Bature ko ɗaya a cikin wannan labari. Mutane ne da suka biya farashin abin da suka gaskata tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar Hausa, kuma ba dukansu suka zama Kiristoci daga baya ba. Har yau akwai Isawa da ke kan tafarkinsu na asali. Amma wani reshe nasu ya haɗu da mishan, kuma daga wannan reshen gidan su Ishaya Audu ya fito.

Mishan ɗin da suka haɗu da shi na mutum ɗaya ne kusan a ce, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus a wajen fatake da mahajjata, sannan ya shigo cikin ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ta cocin Ingila, wanda ya isa Kano a 1900. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya ce su fice. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Mila ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa da ƙafarsu. Daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, ƙauyen Kiristoci zalla, inda za su yi noma su yi sujada ba tare da tsangwama ba, ƙarƙashin kulawar wani baƙar fata ɗan tsibiran Karibiyan, Rabaran Thompson.

Gimi ita ce tsarki a ma'anarta ta keɓewa tsantsa, kuma ba ta daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi daga wurin. Waɗanda suka rage, musamman yara, aka kai su makarantar Zariya. Ba daidai ba ne a mai da annoba ta zama darasi, domin ƙudan tsando bai san aƙida ba. Amma a tarihi haka abin ya kasance: yunƙurin farko na gina wa Hausawa Kiristoci duniyarsu su kaɗai ya ƙare a maƙabarta, kuma 'ya'yan da suka tsira sun tashi ne a tsakiyar Musulmi, da su za su yi karatu, da su za su yi aiki.

Shi kansa Mila ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan, don shi ne misalin yadda sadaukarwa ke iya zama da kaifi biyu. Ya bar Ingila yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa a Nijeriya, ya rasu a 1952. Shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wadda ta fito a 1932, aikin da ya sa Hausa ta zama harshen sujada ga Angasawa da Birom da Bajju da Tangale da sauran al'ummu da yawa waɗanda ba harshen iyayensu ba ne. Babu mai musun ƙwazonsa. Amma mutum ne mai zafin rai da taurin kai, wanda ya yi rigima da jami'an mulkin mallaka, ya yi da abokan aikinsa, ya kuma kasance cikin masu kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarkin da ya ba shi wurin zama, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Wasu yaran da ya rena sun ɗauki sunansa a madadin na iyayensu. Zazzagawa ba su manta da waɗannan ba, kuma ba a ce su manta ba. Mutum na iya ba da dukan ransa ga Allah amma ya kasa ba maƙwabcinsa uzuri, kuma tarihin mishan cike yake da irin waɗannan bayin Allah masu wuyar zama.

A 1929 mishan ya bar cikin birni ya koma Wusasa, a gindin duwatsu, 'yan kilomitoci daga ganuwar Zariya. A nan aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da tubali da ƙasa, da bakan gizo irin na soron Hausa, ginin da mai wucewa zai iya ɗauka zauren wani basarake ne. Aka kafa makaranta, aka kafa asibitin Luka Mai Tsarki. Waɗannan ukun, majami'a da aji da ɗakin jinya, a fili ɗaya suke, kuma yaron da ya tashi a wurin bai taɓa ganin an raba su ba. Malamin da ya koya masa lissafi ranar Litinin shi zai karanta nassi ranar Lahadi; matar da ta ɗaure masa rauni ita ce ke jan waƙa. Asibitin kuwa bai tambayi addinin mai ciwo ba, kuma mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajensa Musulmi ne daga birni da ƙauyuka. Ginin ƙasa yana da wata ɗabi'a da duk Bahaushe ya sani: ba a gama shi. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an sake yaɓe. Mutanen Wusasa haka suka ɗauki tsarki, abin da ake sabuntawa da addu'ar asuba da karatun nassi a gida da kame kai daga giya da cin amana, ba rawanin da ake naɗa wa mutum sau ɗaya ba.

Ƙaramin wuri ne, amma abin da ya fitar ya fi ƙarfin girmansa. Daga wannan al'umma Dakta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kuma sunansa ke kan babban asibitin da ke tsakiyar Kaduna. A nan Yakubu Gowon ya tashi, ɗan wani mai bishara Ba'angashe da ya baro ƙasar Filato domin aikin mishan. Ana yawan lissafa waɗannan sunaye da alfahari, kuma babu laifi. Sai dai lissafin yakan tsallake waɗanda suka riƙe ginshiƙin: masu bishara da ke taka sayyada daga ƙauye zuwa ƙauye a kan albashin da bai isa cefane ba, da ma'aikatan jinya a sansanonin kutare irin na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, masu wanke gyambon da dangin mai shi ke gudu, da matan Zumuntar Mata waɗanda har gobe su ne na farko a gidan rasuwa da ɗakin mai jego, da tulunsu na kiɗa da ƙwaryar hatsinsu. In ana neman inda tsarki da hidima suka zauna lafiya da juna, a wajen waɗannan ne. Ba su da abin da duniya za ta saya a hannunsu, don haka jarrabawarsu gajiya ce da talauci. Jarrabawar Ishaya Audu ta wani iri ce.

An haife shi a Anchau ranar 1 ga Maris, 1927. Ya yi karatun farko a Wusasa, ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas, ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin ɗalibanta na farko-farko, sannan ya ƙarasa karatun likita a Ingila. Fannin da ya ƙware a kai shi ne lafiyar yara. A Arewar wancan zamani wannan fanni ba na mai neman suna ba ne. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suna kwashe yara kafin a yaye su, sanƙarau na zuwa da zafin bazara, kuma uwa takan kawo ɗa asibiti ne bayan an gama da wanzami da mai saiwa. Likitan yara yana aiki da majinyacin da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, ba kuma zai tuna da wanda ya cece shi ba.

Daga nan ya zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Wannan alaƙa tana da ban sha'awa in aka tuna da zamanin. A farkon shekarun 1960 Sardauna ya ɗauki yaɗa Musulunci da muhimmanci ƙwarai, yana rangadi ƙasa-ƙasa ana musuluntar da jama'a a gabansa, abin da ya tayar da hankalin coci-coci a Arewa. Amma mutumin da yake miƙa wa hannunsa a auna jininsa, wanda ya san sirrin jikinsa, Bahaushe ne Kirista, jinin Isawa. Sardauna bai ga wannan a matsayin cikas ba, Audu kuma bai sauya addini don ya riƙe matsayin ba, a lokacin da sauya suna kaɗai kan buɗe wa ma'aikaci ƙofofi. Taken Jihar Arewa a lokacin shi ne aiki da ibada, kuma ga mutum biyu da kowannensu ya fassara ibadar ta hanyarsa, aikin kuma ya haɗa su. Masu wa'azin Kirista suna son misalin Yusufu a fadar Fir'auna da Daniyel a fadar Babila, amma misalin bai zauna daidai a nan ba, domin su baƙi ne a ƙasar wasu. Audu ɗan gida ne. Harshensa, tuwonsa, gaisuwarsa da kunyarsa duk na gidan ne, addini kaɗai ya raba. Wannan ya fi baƙunta wuya: Musulmi na iya kallonsa a matsayin wanda ya bar hanyar kakanni, Kiristan da ba Bahaushe ba kuma na iya kallonsa da ɗar-ɗar saboda harshen da yake mafarki da shi.

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. A cikin wannan shekarar ce Audu, yana ɗan shekara 39, ya gaji Norman Alexander a shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Babu shekarar da ta fi wannan muni a karɓi irin wannan amana. A watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa bayan dokar da ta rushe tsarin jihohi, a watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu, a Satumba da Oktoba aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo kisan da ya sa waɗanda suka tsira suka kwashe nasu ya nasu suka koma Gabas, har da ma'aikata da ɗaliban jami'ar. Sannan yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Jami'ar shekararta huɗu kacal da kafuwa. A hannunsa ta rayu ta kuma bunƙasa: aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a domin 'yan Arewa da sakandarensu ba ta kai su ba, kuma a zamaninsa aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, wadda duk mai nazarin Hausa ya ci moriyarta. Kwalejin Abdullahi Bayero, inda ake koyar da Larabci da ilimin addinin Musulunci, a ƙarƙashin jami'arsa take duk tsawon waɗannan shekaru. Wato Kirista ne ke sa hannu a kan kasafin kuɗin da ake horar da malaman Musulunci da shi, kuma kwalejin ta girma har ta kai ga tsayawa da ƙafarta.

A nan ne ake ganin wani nau'in hidima da ba a cika yi masa waƙa a majami'a ba. Wanke ƙafa abu ne da ido ke gani. Amma zama a kujera shekara tara ana raba gurbin karatu da ƙarin girma da kwangila tsakanin mutanen da kowannensu ke zargin an fifita wani, ba tare da an mai da kujerar gonar 'yan'uwa a addini ba, wannan ma wanke ƙafa ne, sai dai ba mai gode wa mai yin sa. Tsirarun da suka sami nasu a sama sukan sa ran zai rama musu abin da suka rasa; masu rinjaye kuma suna jiran ya yi kuskure ɗaya su ce dama. Ya sauka a 1975, shekarar da aka hamɓarar da Gowon, Iya Abubakar ya gaje shi.

Babin da ya fi wuyar karewa shi ne na siyasa. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimaki ga Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar N.P.P. Ba su ci ba, amma ƙawancen da jam'iyyarsu ta ƙulla da N.P.N. ya sa Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje. Da ƙawancen ya watse a 1981, jam'iyyarsa ta nemi ministocinta su ajiye aiki, shi kuwa ya zauna. Masu kare shi za su ce amanar ƙasa ta fi ta jam'iyya, kuma ba a sauya mai riƙe da linzamin hulɗa da duniya ana tsakiyar rikicin Chadi. Masu sukarsa za su ce kujera daɗi gare ta, ko ga mai tsoron Allah. Dukansu suna da abin riƙewa. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne gwamnatin da ya zauna a cikinta ta yi ƙaurin suna wajen almubazzaranci da dukiyar jama'a, kuma ita ce a Janairun 1983 ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, mutum fiye da miliyan ɗaya suka yi cincirindo a kan iyakoki da tashoshin jiragen ruwa, mafi yawansu 'yan Gana, akwai kuma 'yan Nijar da Chadi. Ba ma'aikatarsa ce ta ba da umarnin ba, amma shi ne fuskar Nijeriya a idon maƙwabta. Kuma Linjilar Matiyu, wadda ya sani tun yana ɗan makaranta a Wusasa, ta sa karɓar baƙo a jerin abubuwan da za a tambayi mutum a ranar shari'a, tare da ciyar da mayunwaci da duba marar lafiya da ziyartar ɗan kurkuku. Mai son a ce tsarki na iya shiga majalisar ministoci ya fito ba tabo sai ya fara amsa wannan.

Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka karɓe mulki, aka kwashe manyan jami'an gwamnatin farar hula aka tsare, har da shi. Ya shafe kimanin shekara guda a tsare kafin a sake shi. Mutumin da ya yi jawabi da sunan Nijeriya a zaurukan duniya ya koma mai jiran a buɗe masa ƙofa. A al'adar Kirista kurkuku ba baƙon wuri ba ne. Wasu daga wasiƙun Manzo Bulus a ɗaure ya rubuta su, kuma masu bi suna karanta su a matsayin shaidar cewa ana iya ƙwace wa mutum komai a bar shi da abin da ya fi komai. Amma akwai bambanci tsakanin wanda aka ɗaure saboda bishara da wanda aka ɗaure saboda ya zauna a gwamnatin da ta faɗi, kuma ba a yi wa Audu adalci ba in aka naɗa masa rawanin shahidai. Abin da ya fi bayyana halinsa shi ne inda ya nufa da aka buɗe ƙofar.

Tsohon minista kuma tsohon shugaban jami'a yana da hanyoyi da yawa a gabansa. Akwai kujerun hukumomin kamfanoni a Legas, akwai aikin ƙungiyoyin duniya, akwai zaman jiran wata gwamnatin ta tuna da shi. Audu ya koma Samaru, unguwar da ke bakin ƙofar jami'ar da ya taɓa shugabanta, ya buɗe asibitinsa ya koma duba marasa lafiya. Samaru ba unguwar manya ba ce. Masinjoji da leburori da masu gadin jami'a ne ke zaune a cikinta, da ɗaliban da ba su sami ɗaki a ciki ba, da 'yan kasuwa da manoman ƙauyukan kewaye. Wanda ya taɓa sa hannu a takardar ɗaukar mutum aikin share-share, yanzu shi ne ke sa abin sauraro a ƙirjin jikan mutumin. Bayan haka ya kafa ikilisiya a nan Samaru ya zama mai kiwonta. Ɗan Angilikan da ya tashi cikin tsararriyar sujadar littafin addu'a ya ƙare a ƙaramar majami'a mai zaman kanta. Ana iya ganin haka a matsayin rashi ga cocin da ta rene shi, ana kuma iya cewa tsarin Wusasa ne ya sake ginawa da hannunsa, ɗakin magani a nan, wurin sujada a can, tazarar 'yan taku tsakaninsu.

Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne ga Kirista a Zariya. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Kiristoci da Musulmi, aka ƙona masallatai a can, wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u masu yawa, har da na cikin jami'ar. Daga wannan lokaci unguwanni suka fara rabuwa bisa addini a garuruwan jihar Kaduna, wanda ke da hali ya tattara ya koma inda nasa suka fi yawa. Wannan ma wata irin keɓewa ce, irin ta Gimi, sai dai tsoro ne ya gina ta. Audu yana da halin da zai zauna a duk inda ya so a duniya. A Samaru ya ci gaba da zama.

A daidai waɗannan shekarun ne kuma wani sabon salon wa'azi ya fara cika manyan biranen Nijeriya, wanda ke auna albarkar Allah da mota da gida da girman taro, ya mai da fasto attajiri, baiko kuma jari. Hanyar da masu wannan salo ke bi daga ƙaramin ɗaki take farawa ta nufi fada. Ta Audu daga fada ta taso ta gangaro. Ba lallai ne gangarowa ta zama tsarki ba, domin wani kan sauko ne don an ture shi, kuma shi ma turo shi aka yi da farko. Amma turi na rana ɗaya ne, zaman shekara ashirin kuwa zaɓi ne da ake sabuntawa kowace safiya, lokacin da layin mata masu goyo ya fara taruwa a baranda, da yawansu sanye da hijabi, suna jiran tsohon da mazajensu ke kira Farfesa.

Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. Jaridu suka jera muƙamansa bi da bi, likitan Sardauna, shugaban jami'a, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, ministan harkokin waje, sannan a layin ƙarshe suka ambaci asibitin da majami'ar, waɗanda ya fi daɗewa a cikinsu fiye da kowace kujera da ya taɓa hawa.